Bordeaux: Suna Ɗaya, Kasuwa Biyu

A garin Pauillac, can kudu maso yammacin Faransa, hekta ɗaya ta gonar inabi takan kai Yuro miliyan 2 zuwa 3. Idan ka bi hanya ka yi kudu, ka tsallaka kogin Garonne ka shiga yankin da ake kira Entre-Deux-Mers, za ka tarar da hekta ɗaya ana neman mai saye a kan Yuro 10,000 ko ƙasa da haka, wani lokaci ma a rasa mai tayawa. Gonakin biyu duk a jihar Gironde suke. Teku ɗaya ke turo musu ruwan sama, irin inabin da suke shukawa kusan ɗaya ne, kuma abin da ke fita daga cikinsu duk duniya na kiransa giyar Bordeaux, da sunan babban birnin yankin. Amma ɗaya ta ninka ɗayar a daraja sau ɗari biyu ko fiye.

Giya haramun ce ga Musulmi, kuma wannan rubutu ba talla ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne noma da ciniki. Wanda ke son ya ga yadda ake gina suna a kan amfanin gona, da yadda dillali da ɗan sari ke shiga tsakanin manomi da mai saye har su fi manomin ƙarfi, da wuya ya samu wurin da abin ya fito fili kamar Bordeaux, domin an shafe fiye da shekara 800 ana wannan ciniki a can, kuma ana rubuta farashi da haraji da sunan mai gona.

Sai an san kogunan kafin a gane sauran. Garonne yana gangarowa daga duwatsun Pyrénées, Dordogne kuma daga tsaunukan tsakiyar Faransa. Suna haɗuwa a arewacin birnin Bordeaux su zama ruwa ɗaya mai faɗi da ake kira Gironde, shi kuma ya zuba a tekun Atalantika. Wannan ne ya raba yankin uku: gaɓar hagu, inda Médoc da Graves da Sauternes suke, gaɓar dama, inda Saint-Émilion da Pomerol suke, sai ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu, wato Entre-Deux-Mers, wadda ta fi kowace yawan ƙananan manoma. Duka-duka gonakin sun kai kimanin hekta 110,000 kafin a fara tumɓuke su a 'yan shekarun nan, kuma fiye da kashi 85 cikin 100 na abin da ake yi jar giya ce.

A gaɓar hagu, mutumin da ya saba da noman hatsi idan ya tsuguna ya debi ƙasar fitattun gonaki zai ce ba ta da amfani. Tsakuwa ce zalla, fara da ruwan ƙasa, wata kamar ƙwan kaza, wadda koguna suka kwaso daga duwatsu suka jibge tun zamanin da ba a sani ba. Ba ta riƙe ruwa, ba ta da taki. Wannan talauci nata shi ake nema. Ruwan sama na sauka ya wuce, saiwa ta nutsa ƙasa neman danshi, tsakuwar ta sha rana da yini ta mayar wa itacen ɗumi da dare. A manyan gonakin Médoc ana dasa itace har 10,000 a hekta ɗaya, taku ɗaya tsakanin kowane biyu, a datse su kada su yi tsawo, don su yi ta gasa da juna kowanne ya ba da 'ya'ya kaɗan masu ƙarfi. Irin inabin da ya dace da wannan ƙasa shi ne Cabernet Sauvignon: 'ya'yansa ƙanana ne, ɓawonsa mai kauri, yana jinkirin nuna, ruwansa na da bauri da tsami. Wannan baurin ne ke sa giyar ta yi shekara 20 ko 30 a kwalba ba ta lalace ba, kuma giyar da ke jure ajiya ita ce ake iya mayarwa kadara. A 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta cewa shi kansa Cabernet Sauvignon ɗa ne ga wasu iri biyu na yankin, Cabernet Franc da farin Sauvignon Blanc.

A gaɓar dama ƙasar yumɓu ce da dutsen farar ƙasa, mai sanyi, mai riƙe ruwa. Cabernet Sauvignon ba ya cika nuna a nan, don haka Merlot ne sarki. Ɓawonsa bai kai na wancan kauri ba, yana riga shi nuna da mako ɗaya zuwa biyu, ruwansa ya fi laushi a baki. Duk da cewa sunan Cabernet ya fi tashe a duniya, Merlot ne ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na gonakin jan inabi a Bordeaux. Cabernet Franc na biye da su, sai ɗan abin da ba a rasa ba na Petit Verdot da Malbec. Shi Malbec ya ja baya ne bayan mummunan sanyin 1956 da ya kashe itatuwa masu yawa, yau kuma a Ajantina ya yi suna.

Abin da ya bambanta Bordeaux da yanki irin Bourgogne, wani yankin inabi a gabashin Faransa, shi ne gauraya. A Bourgogne iri ɗaya ake matsawa. A Bordeaux kowane iri ana tsinkarsa dabam, a tsima shi dabam, sannan a zauna a ɗanɗana a haɗa. Masu talla suna bayyana wannan a matsayin fasaha, kuma fasahar ce, amma asalinta tsoron asara ne. Yankin na bakin teku, ruwa na iya sauka a lokacin da inabi ke fure ko ana dab da girbi. Idan ruwan Yuni ya ɓata furen Merlot, wataƙila Cabernet ya tsira. Idan ruwan Oktoba ya riski Cabernet bai gama nuna ba, Merlot ya riga ya shiga rumbu. Bayan an haɗa, manyan gidaje, wato manyan gonakin da ke yin giya da sunansu, kan zuba giyar a gangunan katako masu cin lita 225, wato kwalba 300, ta yi kamar wata 18. Sabuwar ganga ɗaya na kaiwa kusan Yuro 1,000, kuma wasu gidajen sababbi suke saye kowace shekara. Tun daga nan ƙaramin manomi ya fita daga gasar.

Farar giya ba ta da yawa, daga Sémillon da Sauvignon Blanc ake yin ta. Amma a Sauternes akwai wani abin mamaki da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani ƙaramin rafi mai sanyi, Ciron, yana fitowa daga inuwar dajin Landes ya shiga Garonne wanda ruwansa ya fi ɗumi. A lokacin kaka wannan haɗuwa na ta da hazo da safe, da rana kuma gari ya buɗe. Danshin safe na kawo wata funfuna da ake kira Botrytis cinerea, wadda a ko'ina cuta ce mai ruɓar da inabi. A nan kuwa, saboda rana na busar da ita kafin ta yi ɓarna, sai ta huhhuda ɓawon, ruwa ya tsane, ɗan inabin ya yanƙwane ya yi toka-toka, zaƙinsa ya taru. Ba duk nonon inabi ke kamuwa lokaci ɗaya ba, shi ya sa masu girbi ke bin layi ɗaya sau da dama cikin makonni, suna zaɓar ƙwaya-ƙwaya da almakashi. A Château d'Yquem, gidan da ya fi kowanne suna a wannan fanni, abin da itace ɗaya ke bayarwa bai wuce cikin kofi ɗaya ba, kuma a shekarar da abin bai yi kyau ba, kamar 1992 da 2012, ba su fitar da ko kwalba ɗaya da sunan gidan ba. Gidan da ke hannun LVMH, babban kamfanin kayan alatu, zai iya ɗaukar wannan asara. Maƙwabcinsa mai hekta biyar ba zai iya ba.

To ta yaya wannan yanki, wanda ba shi kaɗai ke da ƙasa mai kyau a Faransa ba, ya zama shi ne a gaba? Amsar tana tashar jiragen ruwa. A 1152 Eleanor, magajiyar ƙasar Aquitaine, ta auri Henry Plantagenet, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154. Daga nan Bordeaux ta shiga hannun sarakunan Ingila har shekara 300, sai a 1453 Faransa ta ƙwace ta bayan yaƙin Castillon. A tsawon wannan lokaci Landan ce kasuwarta. A kakar ciniki ta 1308 zuwa 1309 an fitar da manyan ganguna fiye da 100,000 ta wannan tasha, kowace mai cin kimanin lita 900. Mutanen birnin kuma suka samu wata alfarma da ta daɗe tana aiki: giyar da ake kawowa ta kogi daga garuruwan cikin ƙasa, irin su Cahors da Gaillac, ba a barin ta shiga kasuwa sai ƙarshen shekara, bayan 'yan Bordeaux sun sayar da tasu jirage sun tashi. Sai a 1776 minista Turgot ya soke wannan doka. Ƙarnuka aka yi ana danne abokan gasa da ƙarfin hukuma, kuma a ganina duk wanda ya ba da labarin ɗaukakar Bordeaux ya tsaya a kan tsakuwa da hazo kawai, ya bar rabin labarin.

Médoc ɗin da ake ji da shi yau fadama ce da ruwa ke kwanciya, makiyaya ke kiwon tumaki. Injiniyoyin Holan ne suka haƙa magudanan ruwa a ƙarni na 17 suka tsane ta, tudun tsakuwa suka fito, masu kuɗin birni suka saye suka dasa inabi. A unguwar Chartrons da ke bakin kogi kuma baƙin 'yan kasuwa daga Ayalan da Ingila da Holan da Jamus suka kafa rumbuna. Sunaye irin su Barton da Lawton tun ƙarni na 18 suke cikin wannan ciniki, har yau suna nan.

Akwai ɓangaren wannan arziki da ya shafe mu kai tsaye. A ƙarni na 18 Bordeaux ta yi ƙiba da cinikin tsibiran Karebiyan, musamman Saint-Domingue, wato Haiti ta yau. Jirage na fita da giya da fulawa, su dawo da sukari da kofi da bayi suka noma. Birnin shi ne na biyu a Faransa wajen fataucin bayi, bayan Nantes: tsakanin 1672 da 1837 jirage sun tashi daga nan kusan sau 500, suka kwashi 'yan Afirka da yawansu ya kai kimanin 150,000. Kyawawan gine-ginen bakin kogi da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2007, da yawansu a wannan zamani aka gina su. An daɗe birnin na kawar da kai daga wannan tarihi. Sai a 2009 gidan tarihi na Aquitaine ya buɗe ɗakuna na dindindin a kansa. Alaƙar kasuwanci da Afirka ba ta yanke ba. Kamfanin Castel, wanda aka kafa a Bordeaux a 1949, yana cikin manyan dillalan giyar inabi a duniya, kuma shi ke da masana'antun giya da lemo a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Kamaru da Chadi.

Takardar da ta fi kowace tasiri a tarihin yankin an rubuta ta ne cikin kusan mako biyu. A 1855 Napoleon na III ya shirya babban baje koli a Paris, aka nemi Bordeaux ta kai kayanta. Majalisar 'yan kasuwar birnin ta ce wa ƙungiyar dillalai su fitar da jerin gonakin da suka fi kyau. Dillalan ba su tsaya ɗanɗana komai ba. Littattafan cinikinsu suka buɗe, suka duba wace gona ce ta fi tsada a shekarun da suka wuce, ranar 18 ga Afrilu suka miƙa jeri mai hawa biyar. A hawa na farko akwai gida huɗu: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Dukkan jajayen giyar da ke jerin daga Médoc suke, in ban da Haut-Brion. Gaɓar dama ko ambatonta ba a yi ba. Jerin da aka yi don baje kolin shekara ɗaya, shi ne har yau yake aiki, da gidaje 61 a ciki. Babban sauyin da aka taɓa yi masa ɗaya ne: a 1973, bayan Baron Philippe de Rothschild ya shafe shekaru yana fafutuka, aka ɗaga Mouton Rothschild daga hawa na biyu zuwa na farko, kuma Jacques Chirac, ministan noma na lokacin, shi ya sa hannu.

Akwai wani abu a wannan jeri da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sunan gida aka ba martaba, ba ƙasar ba. A Bourgogne fili ne ke da daraja, ko wa ya mallake shi. A Médoc kuwa, idan gida mai martaba ya sayi gonar maƙwabcinsa a cikin iyakar gari ɗaya, inabin wannan gona na iya shiga kwalbarsa ya ɗauki martabarsa, farashinsa ya ninka ba tare da an sauya ko tsakuwa ɗaya ba. Shi ya sa manyan gidaje ke ta faɗaɗa, ƙananan da ke kewaye da su na ɓacewa. Shi ya sa kuma masu sayen manyan gidajen yanzu attajiran duniya ne da kamfanonin inshora: François Pinault ya sayi Latour a 1993, Bernard Arnault da Albert Frère suka sayi Cheval Blanc a 1998.

Saint-Émilion ta yi ƙoƙarin yin adalci. Ta fitar da nata jerin a 1955, da sharaɗin a riƙa sabunta shi kusan duk shekara goma. Abin da ya biyo baya shi ne shari'a. Waɗanda aka sauke a 2006 suka garzaya kotu har aka rushe jerin, kuma kafin na 2022 ya fito, manyan gidaje uku, Cheval Blanc da Ausone da Angélus, suka janye daga tsarin. Pomerol ba ta taɓa yin jeri ba, kuma Petrus, gona mai hekta 11 da ɗoriya a kan yumɓu, tana sayar da kwalbarta fiye da kowane gida na hawa na farko.

Yadda ake sayarwa shi ma abin dubawa ne. Babban gida a Bordeaux, bisa al'ada, ba ya sayar wa mai shago ko mai otal kai tsaye. Yana sayar wa manyan 'yan sari da ake kira négociants, waɗanda sun kai kimanin 300, ta hannun dillali mai karɓar la'adar kashi 2 cikin 100. 'Yan sarin su ke rarraba kaya zuwa ƙasashen duniya. Wannan tsari shi ake kira La Place de Bordeaux, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na giyar yankin ta nan take bi. Ƙarfin babban gida yana cikin rabo: kowane ɗan sari na da adadin katan da ake ware masa duk shekara, idan ya ƙi ɗauka a shekarar da kaya bai yi kyau ba, zai iya rasa rabonsa a shekarar da kowa ke rububi. Ga ƙaramin manomi abin a juye yake. Shi ne ke bin ɗan sari, yana sayar masa giya a tanki ba suna ba kwalba, a kan farashin da aka yanka masa.

A saman wannan akwai cinikin da ake kira en primeur, wato sayar da giya tun tana ganga. Duk watan Afrilu 'yan kasuwa da masu sharhi daga ko'ina suna taruwa su ɗanɗana abin da aka girbe watanni shida da suka wuce, wanda bai gama haɗuwa ba. Bayan 'yan makonni gidaje su fara sanar da farashi. Mai saye ya biya yanzu, ya karɓi kaya bayan kusan shekara biyu. Gida ya samu kuɗi da wuri, mai saye kuma yana fatan ya samu da araha kafin farashi ya tashi. Tsarin ya yi ƙarfi ne bayan girbin 1982, wanda wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, ya yaba tun da wuri. Parker na ba da maki bisa 100, kuma cikin 'yan shekaru makinsa ya zama abin da ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Gidaje da yawa suka koma yin irin giyar da ake ganin yana so, mai kauri, mai nunanniyar 'ya'ya, mai ƙamshin sabuwar ganga. Kafin wannan, a 1976, an riga an yi wani ɗanɗano a Paris ba tare da nuna sunaye ba, inda alƙalai Faransawa suka fifita wata giyar Kalifoniya a kan Mouton da Haut-Brion. Tun daga lokacin aka gane cewa irin inabin Bordeaux na yin kyau a wasu ƙasashe, kuma yau Chile da Ostireliya da Afirka ta Kudu na sayar da shi da rahusa.

Sai Chaina ta shigo. A 2008 Hong Kong ta soke kuɗin fito a kan giyar inabi, kasuwar gwanjo ta koma can, kwalbar Lafite ta zama kyautar da ake kai wa manya. Gidan har alamar lamba 8 ta rubutun Sinanci ya sa a kwalbar girbin 2008, lambar da ake ɗauka ta sa'a a can. Girbin 2009 da na 2010 aka sa musu farashin da ba a taɓa gani ba. 'Yan Chaina suka sayi gonaki fiye da 150 a yankin, ciki har da attajiri Jack Ma a 2016. Daga tsakiyar 2011 farashi ya fara zubewa, sannan yaƙin da gwamnatin Xi Jinping ta ƙaddamar kan cin hanci da kyaututtukan alfarma ya ƙarasa shi. Waɗanda suka saya tun a ganga suka ga kayan da suka biya da tsada ana sayar da shi ƙasa da haka bayan shekaru. Latour ta fice daga tsarin en primeur a 2012. A 2024 wasu manyan gidaje sun rage farashi da kusan kashi 30 cikin 100, duk da haka masu saye ba su yi rububi ba. A ganina manyan gidajen su suka jawo wa kansu: sun kwashe duk ribar da ta kamata ta rage wa mai saye, alhali ita ce kaɗai dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba sai bayan shekara biyu.

Amma duk wannan hayaniya a kan giyar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 na abin da yankin ke fitarwa ba ake yin ta. Sauran manoman, waɗanda su ne mafi yawa cikin kimanin 5,000 da suka rage, matsalarsu dabam ce, kuma ta fi tsanani. Kasuwarsu ta gida ce, Faransawa kuwa sun rage sha: daga fiye da lita 100 ga kowane mutum a shekara a wajajen 1960, an dawo kusan lita 40, kuma jar giya ce ta fi faɗuwa. Chaina da ta ɗauke rarar na ɗan lokaci ta ja baya. Amurka ta sa harajin kashi 25 cikin 100 daga Oktoban 2019 zuwa Maris na 2021, saboda rigimar kamfanonin jiragen sama Airbus da Boeing wadda ba ruwan manomi da ita. Har yau da tsohon ma'aunin lita 900 ake ciniki, kuma farashinsa ya sauka zuwa Yuro 1,000 ko ƙasa. Lita 900 kwalba 1,200 ce, ke nan manomi bai samu ko Yuro ɗaya a kan kowace kwalba ba, bayan ya yi shekara yana datsa da feshi da girbi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A Fabrairun 2024 kotun kasuwanci ta Bordeaux ta umarci wasu 'yan sari biyu su biya wani manomin Médoc diyyar kusan Yuro 350,000 saboda sun sayi giyarsa a farashin da ya yi ƙasa fiye da kima.

A Disamban 2022 manoma suka fito zanga-zanga a birnin, abin da suke roƙo kuwa shi ne a biya su su tumɓuke gonakinsu. A 2023 gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar, CIVB, suka ware Yuro miliyan 57 don cire kimanin hekta 9,500, ana biyan Yuro 6,000 a kan kowace hekta. Wani dalilin gaggawar shi ne gonar da aka yi watsi da ita na zama matattarar cututtuka ta harbi ta maƙwabta. A shekarar kuma Faransa ta kashe Yuro miliyan 200 wajen mayar da rarar giya zuwa sinadarin masana'antu. Wannan ya kamata ya sa mu yi tunani game da kariyar sunan asali, tsarin da Faransa ta kafa da dokar 1935, wanda irinsa ne albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu a ƙarƙashin hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka. Kariyar na hana wani satar sunanka, wannan gaskiya ne kuma yana da amfani. Ba ta tilasta wa ɗan sari ya biya ka abin da zai rufe kuɗin nomanka.

Yankin ya taɓa tsallake masifu. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro daga Amurka, phylloxera, ya cinye saiwar inabin Turai kusan duka, aka tsira ta hanyar yi wa itatuwan aure a kan saiwar inabin Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma har yau haka ake dasawa. A nan ne kuma masanin tsirrai Millardet ya fito da haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa a wajajen 1885 don maganin funfunar ganye, haɗin da manoma a duniya ke fesawa har yanzu da sunan birnin. Sauyin yanayi kuwa ba shi da magani ɗaya irin wannan. Girbi ya matso gaba da makonni idan aka kwatanta da shekarun 1980. Merlot, wanda saurin nunarsa ya kasance kariya, yanzu yana nuna cikin zafi ya tara zaƙi da yawa, ƙarfin giyar ya haura kashi 14 cikin 100 a lokacin da masu saye ke neman mara nauyi. Sanyin Afrilun 2017 ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin shekarar, a 2022 fari da gobarar daji suka addabi jihar, a 2023 funfuna ta yi wa Merlot ɓarna.

A 2021 hukumar INAO, mai kula da kariyar sunan asali a Faransa, ta amince a gwada sababbin iri shida a giyar da ke ɗauke da ƙananan sunayen yankin, ciki har da Touriga Nacional da Alvarinho na Fotugal, da Marselan, amma kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona da kashi 10 cikin 100 na haɗi. Taka-tsantsan ɗin ya yi yawa idan aka duba saurin da zafi ke ƙaruwa, domin itacen da aka dasa bana zai yi shekara 30 ko 40 a ƙasa. Dokokin sun kuma taƙaita ban ruwa da tazarar shuka. A Agustan 2025 iyalin da ke da Château Lafleur, ɗaya daga cikin gidajen da suka fi tsada a Pomerol, suka sanar cewa sun bar sunan Pomerol da na Bordeaux gaba ɗaya, don su samu damar noma yadda fari da zafi suka tilasta. Lafleur na iya yin haka saboda masu sayenta sunan gidan suke bi. Manomin Entre-Deux-Mers da ke sayarwa a tanki ba shi da wani suna sai na yankin, don haka dole ya zauna cikin dokokin, ya jira hukuma ta sassauta su ko ya karɓi kuɗin tumɓukewa.